Tukunyar Gwaggo Mai Kunne Ɗaya

Shekara ashirin da biyu Direba yana jan tasi, kuma duk baƙon da ya tambaye shi inda ake cin abinci mai daɗi, amsa ɗaya yake samu: wajen Gwaggo, bayan garejin kanikawa. Ba gwaggonsa ba ce ta jini, amma bencinta har ya lotsa da zamansa. Miyar kifinta a wata baƙar tukunya mai kunne ɗaya take, kuma yana rantsuwa ko an ɗaure masa ido zai gane hannunta. Miyar gidan abincin da ke tsallaken titi kuwa, ruwan wanke-wanke yake kiran ta. Har ya taɓa sauke fasinja a kan wannan musu.

Wata Talata motarsa ta ƙi tashi, aka tura ta gareji da sassafe. Yana tsaye sai ga Gwaggo da mijinta sun fito ta ƙofar bayan gidan tsallake, suna riƙe da baƙar tukunyar, tana ta tururi.

"Gwaggo, me nake gani haka?"

Ko a jikinta. "Ɗan nan, tsayuwa gaban murhu ta fi ƙarfin bayana. Shekara uku ke nan su ke dafa min."

"Uku? Kina kallona ina zaginsu?"

"Kana zagi kana neman ƙari."

Har yau baƙi suna tambayarsa inda za su ci. Sai ya ƙara muryar rediyo, ya ce shi direba ne, hanya kawai ya sani.