Miyar Kuka a Injin Baffa

Yayata ta dawo gida haihuwar fari a daminar da hatsi ya gagari mutane, har gidajen da ake taƙama da rumbunsu suka koma awo da gwangwani. Naƙuda ta kama ta tun safe, rana ta take ba labari. Ungozoma ta fito tana goge hannu, ta ce da Inna, "Wannan ya fi ƙarfina. Ku kai ta asibitin Bici."

Mota ɗaya ce a unguwarmu, tsohuwar a-kori-kurar Baffa, ƙanin mahaifinmu. Ta girme ni, ta girmi Yaya. A cikin injinta akwai wani ɗan guntun tiyo, bai fi tsawon tafin hannu ba, a lanƙwashe kamar gwiwa. Baffa ya sha gaya mana aikinsa ko ba mu tambaya ba: kafin inji ya ɗumama ruwa ba ya zuwa lagireto, ta wannan tiyon yake kewayawa ya koma. To, ya tsage tun bara, kullum yana ɗiga. Sabo sai Kano, kuma a wannan shekarar wa ke da halin sabo? Maganin Baffa shi ne garin kuka. Ya zuba cokali guda a lagireto, yauƙin ya bi ruwa ya liƙe tsagar.

Daga zaure ya ƙwala kira, "A miƙo min kuka!" Inna, hankali a tashe, ta shiga madafa ta danƙo ƙullin leda ta ba shi. Ganin tafiyar ta gaggawa ce, ya juye duka.

Aka shimfiɗa wa Yaya katifa a baya, kanta a cinyata. Inna ta shiga gaba saboda kunyar 'yar fari, ba ta ko waiwayo ba, amma hannunta na miƙe ta 'yar tagar baya, ta riƙe bakin zanen Yaya gam.

Muna tsakiyar gonaki, gero ya rufe hanya dama da hagu, sai na ji "Fuuu!" Tururi ya turnuƙe gaban motar, ta yi shaƙuwa biyu ta mutu. A daidai lokacin Yaya ta daina nishi. Idonta a lumshe, leɓenta ya bushe. Na kira ta, shiru. Na ce shi ke nan, a nan za ta tafi, a cinyata, a cikin geron mutane. Na buɗe baki zan yi salati.

Sai ƙamshi ya iso.

Baffa ya ɗaga murfin inji da bakin riga. Ɗan tiyon ya dare biyu, wani koren ruwa mai kauri na tsiyaya yana tafasa.

"Hajiya," ya ce da Inna a hankali, "me kika ba ni?"

"Kuka ka ce."

"Kuka da daddawa? Har da barkono?"

"Haɗin miyar dare ne! Ni na ce ka juye duka? Yau sai ku ci tuwo gaya."

"Shekara da shekaru kina mana miya tsararo, sai yau da aka zo kan injina ta yi kauri!"

Daga cinyata wata siririyar murya ta ce, "Baffa… a sammin."

Wallahi ban san lokacin da na fashe da dariya ba. Tana da rai! Tana ma tsokana! Ina dariya, hawayena na zuba a goshinta. Ita ma ta fara, ciwo ya katse ta, ta damƙe hannuna har na ji ƙashi.

A wajenmu ba ka tafiyar kirki ba ka ga gida ba. Wata dattijuwa ta leƙo ta saman darni. "Sannunku, bayin Allah. Ku ne masu girki? Tun daga tsakar gida muke jin ƙamshi." Da ta hango Yaya sai fara'ar ta ɗauke. Ta juya da gudu, ta dawo da bokiti, surukarta na biye da tulu. Duk ruwan da suka ɗebo ranar suka kwaso mana.

Baffa ya ce, "Tiyon nan don sanyin safe aka yi shi. Yau wane sanyi gare mu?" Ya nemi totuwar masara, ya fere guda biyu, ya cusa a kowane ɓari na tiyon ya toshe. Ba abin ɗauri. Na tuge ɗankwalina, ya keta shi, ya ɗaure tamau. Ga ni kai ba ɗankwali a bakin hanya, kitsona duk ya tsufa, ko a jikina. Ya jira injin ya huce yana ta "Ya Salamu, Ya Salamu", ya ɗauraye miyar, ya cika da ruwa. Matan nan biyu suka tura mu, dattijuwar na cewa, "Allah Ya raba lafiya, 'yar nan!"

Motar ta tashi. Muka riƙa tafiya sannu-sannu, ni idona a kan ƙirjin Yaya, ina kallon yana hawa yana sauka. Duk ramin da muka faɗa sai in ce, "Yaya, kina nan?" Ta ce, "Ina za ni?"

A asibiti suka karɓe ta da sauri, suka rufe ƙofa. Na zauna a baranda. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Can wata ma'aikaciya ta fito. "Ina 'yan'uwan wadda aka kawo yanzu? Ta sauka. Mace ce, dukansu lafiya."

Na tashi na leƙa Yaya, sannan na ruga waje. Baffa na zaune a ƙasa jikin taya, hannunsa duk ya tashi da ƙuna.

"Baffa, mace ce!"

"Yayar taki fa?"

"Tana nan. Wai kunu take so."

Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Na zauna kusa da shi, muna kuka muna dariya.