Kwana Biyar Langarmu Ba Ta Fita Ba

Jiya murfin langa ya suɓuce wa 'yata, ya faɗi a kan siminti yana ta juyi kafin ya kwanta. Ƙarar nan ce ta mayar da ni ƙauyenmu da ke gefen Makarfi, ina ɗan shekara goma sha ɗaya.

Ka san a lokacin yaro ba ya cin tuwo shi kaɗai. Ana idar da sallar magariba kowa zai ɗauko langarsa daga wurin uwarsa, mu haɗu a dakalin ƙofar gidan kakanmu. A buɗe ta wannan a cinye, a jawo ta wancan. Ciyayya ke nan. Ni ne mai bakin wurin, in ban soma labari ba to hira ba ta tashi ba.

Sai ɗan baffana, sa'ana, wanda aka kai karatu Zariya, ya dawo hutun damina. Ya zo da agogon roba a hannu, ga labarin jirgin ƙasa da fitilun kan titi. Yaran da jiya-jiya suke dariyar labarina suka juya mini ƙeya. Har ƙashin da ke cikin miya shi ake tura wa. Ba zan ɓoye maka ba, ƙyashi ya cika ni har wuya. Agogon nan ko tafiya daidai ba ya yi, amma da za a karɓi akuyata a ba ni shi, da na bayar.

Na daina fita. In Inna ta zuba mini tuwo sai in zagaya bayan rumbu in ci, ruwa na ɗiga mini a ka daga bakin jinka, ina jiyo dariyarsu. Jira nake a zo a lallashe ni.

Abin da ban kawo a raina ba, lokacin marka ne, rumbuna sun yi ƙasa, masara ba ta nuna ba. A garinmu in langar wani gida ta daina fitowa ba a tambaya, don kada a kunyata mai gidan. Ɗauka ake yi tukunya ce ba ta hau murhu ba.

Rana ta biyar da hantsi matar baffana, uwar mai agogon, ta shigo da ƙwarya a ɓoye cikin mayafi. Ta ajiye a bayan ƙofar Inna, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, ga ɗan wannan a dama wa yara kunu. Babu wanda ya gan ni."

Dawa ce. Inna, wadda ko barkono ba ta taɓa roƙa a maƙwabta ba, ta karɓi ƙwaryar. Ta yi godiya, don mayar da kyauta cin fuska ne. Da matar ta fita sai ta zauna ta rufe fuska da gefen zani. Ashe unguwa ta riga ta yanke cewa Baba ya kasa ciyar da gidansa.

Kakata ce ta tona ni, don ta sha hango ni a bayan rumbun. Ta ce, "Kai mijin banza, zo nan. Kana fushi da mai agogo, ka jawo an yi wa uwarka sadaka. Yau ka ɗauki langa ka fita ko zuciyar taka za ta fashe. Gara ta fashe a cikin mutane, a samu mai ɗinkewa."

Na fita. Inna ta cika langar fam, har da man shanu, don kowa ya gani. Babu wanda ya ce mini ci kanka. Suka matsa na zauna, gwiwata tana gogar ta mai agogon. Ya ci gaba da labarin Zariya, ni kuma na ci gaba da jin haushinsa, amma hannunmu a kwano ɗaya.

Yanzu an rushe dakalin an yi shago. Kowa yana cin nasa a ɗaki, ido a kan waya. Ɗan baffan nan nawa ya zama babban mutum a Kaduna, ni ina koyarwa a Ikara, kuma halin bai sake ni ba. Bara da ya tare a gidan bene, na ɗauke ƙafa daga dangi, ba biki ba suna, wata huɗu cur. Na zauna ina jira a neme ni. Ko mutum ɗaya bai bugo ya ji ko lafiya ba. Ranar da na gaji na shiga mota na je gaishe shi, ya tare ni da fara'a ya ce, "A'a, ɗan'uwa! Ai kwanan nan muka rabu, ko?"