Ƙullun Waina a Gindin Furannin Gwamnati

Ranar da aka tono gwangwanayen nan a gindin furanni ba ta taɓa fita raina ba. Mu huɗu ne a wurin: Alhaji Lawal, manajan gidan saukar baƙin da na yi aiki a Daura, Malam Sule mai gadi, mutumin Sandamu, Bitrus mai kula da lambu, sai ni Hajara, mai shara da ban-ruwa. Damina ta biyu ke nan da kawo shari'a jiharmu, kowa yana kaffa-kaffa.

Ga wanda bai san tsarin ba: manaja da mai gadi ma'aikatan dindindin ne, in sun yi laifi sai an ba su takarda sun kare kansu. Ni da Bitrus 'yan wucin gadi ne. Irinmu, "kada ka dawo gobe" ta isa.

A shekarar aka kawo wasu furanni daga Kudu cikin tukwane, masu faɗin ganye kamar gwaza, wasu da ɗigon ja. Ba a ci, ba a magani da su, kallo kawai. Da ruwa ya zauna sai muka riƙa wayar gari ganyen duk huji, ga wani sawu mai ƙyalli kamar busasshen yauƙin kuɓewa. Na san cin fara, na san ɓarnar akuya. Wannan ba su ba ne. Bitrus ya ɗaga tukunya ya nuna mini: wani abu mai santsi, kamar dodon koɗi aka tuɓe wa gida. Ya ce cikin ƙasar tukwanen ya biyo su. A rairayin Daura ba zai yi kwana biyu ba, mu ne muka yi masa inuwa, muna ba shi ruwa safe da yamma. Na zuba toka, ruwan sama ya wanke. Na kawo gishiri, Bitrus ya riƙe hannuna ya ce furen zan kashe.

Ana nan sai ɓarnar ta ragu. Na lura kuma Bitrus yana riga kowa zuwa, yana zagaya tukwane da bokiti. Na sa masa ido, amma kafin in tambaya Malam Sule ya riga ni. Da safen nan ya tono gwangwanayen madara da aka binne har baki, ya jera su gaban manaja.

"Ranka ya daɗe, shaƙa ka ji. Giya ce wallahi! A gidan gwamnati, a wannan zamani!"

Bitrus ya ce, "Oga, ba ni ke sha ba. Su ke sha."

Malam Sule ya ce, "Ka ji ko? Har ƙwari ya koya wa!"

Manaja bai yi dariya ba. Ya tambayi Bitrus inda ya samo, ya ce wani direba ya sayo masa a tsallaken iyaka. Alhaji Lawal ya ce in zancen ya kai kunnen 'yan hisba sunansa shi manaja za a kira, don haka Bitrus ya tattara kayansa.

Ba tausayi ya fara zo mini ba. Leƙa gwangwanin na yi, na ga abubuwan nan kwance a ciki sun mutu. Abin ya tsaya mini: halittar da ko hanci ban ga tana da shi ba, ta bar ɗanyen ganye ta taho ta faɗa cikin wannan? Na ce, "Kai Bitrus, me suke so a ciki?"

"Mama, tsamin ne. Yis ɗin da ke ciki ke kiransu."

"Yis irin wanda nake sa wa waina?"

Ya ce bai sani ba ko ɗaya ne. Inda ya koyi aiki giya kawai ake sawa, bai taɓa tambaya ba.

Na juya wajen manaja na ce, "Ranka ya daɗe, giya a zubar, haramun ce, ba ni da ta cewa. Amma ka ara mini yaron nan zuwa gobe." Ya ce, "Iya, har da ke?" Na ce in ya kore shi yau, gobe wa ya san kan furannin? Ya yarda, da sharaɗin in dabarata ba ta kama komai ba, Bitrus ya tafi. Shi ma Bitrus ban ƙyale shi ba. Na ce masa garin mutane ya zo, wanda ya ɓoye abu a ƙasa ko da alheri ne, da sharri za a tono shi.

Na je gida na ɗebo ƙullun waina, na tsinka shi da ruwa, na ƙara sukari, na bar shi a rana har ya fara kumfa. Da la'asar muka binne sababbin gwangwanaye. Malam Sule ya bi su yana shaƙa, ya ce, "Iya, in wannan ya kwana ba zai rikiɗe ya zama waccan ba?" Na ce, "Wainar da kake ci mini duk Juma'a, ka taɓa yin tangaɗi?"

Abin da aikin lambu ya koya mini ke nan: shuka baƙuwa da ƙwarinta take zuwa, ma'aikaci baƙo kuma da maganin garinsu. Kafin ka karɓa ko ka kora, tambayi abin da ke aiki a ciki.

Washegari ina idar da sallar asuba na kama hanya, na riga har Bitrus. Na tono gwangwanayen. Ba su cika kamar na giyar ba, amma kowanne da rabonsa. Na jera su a faranti, na ajiye kan teburin manaja kusa da shayinsa. Sannan na fita bakin ƙofa inda Bitrus yake tsaye da jakarsa, na miƙa masa bokiti na ce ganye na jiran ruwa.