Wa Ya Ci Ya Rayu?

Duk wanda ya san kakana Ɗan Azumi a Birnin Damagaram, da ludayi ya san shi. Wani tsohon ludayin duma ne, ya yi baƙi ƙirin don shan hannu, an ɗinke shi nan da can, kullum yana rataye a wuyansa kamar laya. Da shi yake zuwa suna, da shi yake zuwa zaman makoki, ranar Juma'a kuwa sai ya cusa shi cikin riga ya tafi masallaci. Ba wanda ya isa ya taɓa shi. In ka miƙa masa abincin da bai sani ba, sai ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago ya zuba maka ido, ya ce, "Wa ya ci ya rayu?" Kuma ba wasa yake ba, suna yake so. Sai ka kawo sunan mutum da unguwarsu, ya tabbata mutumin yana nan yana yawo da ƙafafunsa, sannan ya yi bismilla.

Ku da kuka tarar da shi da furfura kuna tsammanin rikicin tsufa ne. Ina! Kakata Ya Falmata ta ce haka ta aure shi. Ita Babarbariya ce, ranar da ta fara girki ta yi masa burabusko irin na gidansu. Ya buɗe akushi, ya ga abu warwar, ya ce, "Wannan tuwo ne ya watse, ko ba a gama tara shi ba?"

Ta ce, "Abincinmu ne."

"Wa ya ci ya rayu?"

"Ubana. Ba wanda ya kai shi shekaru a unguwarmu."

Wallahi sai ya rufe akushin, ya sa takalmi, ya tafi gaida suruki. Ya tarar da tsoho yana faskare a ƙofar gida. Ya dawo ya cinye tas. Daga ranar har ya bar duniya, duk sanda aka yi burabusko sai ya ce, "Ina ci ne kawai don kada a ce na raina Barebari." Sannan ya tura akushi a ƙaro.

Abin mamaki, mutumin nan bafatake ne, ba inda bai taka ba: Agadas, Kano, ƙasar Barno. Amma da geronsa yake tafiya, ya dawo bai ɗanɗana na kowa ba. Yana da wani amini Buzu, Agali, wanda yake sauka a Zango duk lokacin da ayarin gishiri ya iso. Wata shekara Agali ya kawo masa tsarabar cuku, busasshen nonon nan nasu mai faɗi. Kaka ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har da sa albarka. Da ayari ya sake zagayowa, Agali ya shigo zaure ya tarar da cukunsa a kan ƙwaryar fura, an mayar da shi murfi.

Ya ce, "Ɗan Azumi, abinci ne fa na ba ka!"

Kaka ya ce, "Ai yana aiki. Ko ƙuda ɗaya bai shiga ba tun bara."

Don ya rama, wai shi aka yi wa laifi, sai ya sa aka yi miyar busasshen kifin tafkin Gidimuni aka ajiye gaban baƙo. Agali yana buɗewa ya ja da baya, ya ƙara jan rawani kan hancinsa, ya ce su ba sa cin ɗan'uwan maciji. Kaka ya ce, "Ji mini mutum! Kai da kake shanya nono har ya zama takalmi!" Suka yi ta yi har la'asar, daga ƙarshe aka dama fura suka sha, don nan ne kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Da baƙo ya tafi Kaka ya ce da ni, "Kin gani, amarya?" Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika. "Kowa abin da ya tarar a tukunyar uwarsa yake kira abinci, na uwar wani kuma ya toshe hanci."

Na ce, "Har da kai ke nan."

Ya ce, "A'a. Ni tawa uwar ita ce mai gaskiya."

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a garin ba. Wata shekara fara ta sauka ta yi mana ɓarna a gonarmu ta wajen Tirmini. Kaka yana zaune bakin kasuwa da soyayyiyar fara a tafin hannu, yana ta ƙaras-ƙaras, sai ga kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, a kan doki da tafinta a bayansa. Kowa ya miƙe. Kaka ma ya miƙe, amma bakinsa bai tsaya ba. Kumandan ya yatsine fuska ya yi magana, tafinta ya ce, "Kumandan yana tambaya, me ya sa kake cin ƙwaro?"

Kaka ya ce, "Gaya masa ba ƙwaro nake ci ba. Gerona ta cinye, shi nake karɓowa."

Aka ce kumandan ya yi dariya har hularsa ta karkace. Kaka kuwa ya dawo gida yana huci, wai ya miƙa wa mutum fara cikin mutunci ya ƙi karɓa, babu tarbiyya.

To, a nan ne dariya ta ɗan ja baya a gidanmu. Fatauci ya mutu, ayari ya ja baya, gida ya cika da bakuna. Babana, wanda shi ne autan Kaka, ya samu aiki a bariki, yana dafa wa kumandan abinci. Ku sani, tun yana rarrafe akushi ɗaya suke ci da Kaka. Sauran 'ya'yan kowa ya kama gabansa, shi kaɗai ya rage a gefen tsoho, in an sa nama Kaka ya tura masa tsoka wajensa kamar bai gani ba. Ranar da Kaka ya ji labarin aikin, ya jawo akushi gabansa ya ce, "Hannun da yake juya tukunyar da ban ga gindinta ba, ba zai shiga nan ba." Babana ya rantse ba ya taɓa alade, rago da kaza kawai yake dafawa, kuma Musulmi ke yankawa. Liman ma ya zo ya sa baki. Kaka ya ce ya ji, amma akushi dai nasa ne.

Daga ranar aka raba musu kwano. Zaure ɗaya, Kaka a wannan kusurwa, Babana a waccan. Abin ya ci wa Babana rai ƙwarai. Mutum ne mai 'ya'ya har da suruki, amma sai in ga ya sa loma biyu ya rufe kwano, ya zauna yana kallon bayan ubansa. Ya rame, kuma ba ciwo ba ne.

Ya yi ta neman hanya. Wata rana ya kawo ganyen salati daga lambun bariki, kore shar, ya ba ni in kai. Kaka ya juya ganyen ya ce, "Da me ake dafa shi?" Na ce ɗanye ake ci. Ya ce, "Wa ya ci ya rayu?" Na ce kumandan. Ya ce wannan ba shaida ba ne, ga shi nan kullum ja wur kamar mai zazzaɓi. Sai ya kira akuyarsa ya ba ta, ya ɗaure ta kusa da shi yana lura da ita har washegari. Da ya ga tana tsalle, ya tara mu ya ce, "To, an tabbatar. Abincin akuya ne."

Amma fa son jin labari bai bar shi ba. Ba ya yi wa Babana magana, sai ta bakina, alhali ga mutum nan zaune. Lokacin na dawo gida goyon ciki na fari, ni ke kai musu abinci. Sai ya ce, "Amarya, tambayi ubanki, gaskiya ne a ƙasarsu har kwaɗi suke ci?" Babana ya ce haka ya ji. Kaka ya ce, "Kuma shi ne ya yatsine wa farata!" Wata rana da azahar ya ce, "Tambaye shi, su nawa suke zama a akushi?"

Babana ya ce, "Ba su da akushi, Baba. Kowa da asitinsa, wani faranti fari. Ko mutum da ɗansa, kowa nasa daban."

Kaka ya ajiye loma. "Mutum da ɗansa? Faɗa suka yi?"

"Haka al'adarsu take."

"La'ilaha illallahu! To ta yaya uba zai san ɗansa ya ƙoshi? Ta yaya zai tura masa nama? Kai, waɗannan mutane abin tausayi ne. Kwaɗin ma na yafe musu, amma wannan!"

Ni kuma bakina ba ya da linzami, kun sani. Na dubi kusurwar nan, na dubi waccan, na ce, "Ashe dai angona ya zama Nasara ban sani ba. Ga ka da asitinka, ga ɗanka da nasa. Saura hula."

Babana ya zare mini ido. Kaka ya buɗe baki ya rufe, abin da ban taɓa gani ba. Can ya ce, "Na sake ki." Na ce na ji, in ya gama a ba ni kwanon. Bai ƙarasa tuwon ba ranar.

Da damina ta yi nisa sai ciwo ya kwantar da shi. Maƙogwaro ya kumbura, tuwo ba ya wucewa, fura ma sai ta dawo. Muka tsorata. Rannan da hantsi Babana ya kama kazarmu ya yanka, ya shiga madafa ya ɗauki tukunyar Ya Falmata. Mata suka yi ta guɗa suna dariya, namiji a gaban murhu! Bai kula su ba. Ya yi wani romo irin wanda ya koya a bariki, ya tace shi har ya zama garau. Ya ce in kai, in ce Ya Falmata ce ta dafa.

Kaka ya shinshina. Da ƙyar muryarsa ta fito. "Wa ya ci ya rayu?"

Na ce, "Matarka ce ta yi."

"Ƙarya kike. Matar nan ba ta taɓa dafa abin da ake hango gindin ƙwarya ta cikinsa ba." Ya sake leƙa romon. Sannan ya ce, "Ba ni da shaida. Kira mini Auta."

Babana ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa. Kaka ya ce, "Matso. Sha in gani." Babana ya waiga yana neman abin sha. Sai Kaka ya sa hannu a wuya, ya cire ludayin nan, ya miƙa masa. Ya Falmata da ke tsaye bayana ta dafe ƙirji, don ita ma ba ta taɓa riƙe shi ba. Babana ya ɗiba ya sha.

Kaka ya zuba masa ido. "Ka rayu?"

"Na rayu, Baba."

"To miƙo."

Haka suka yi ta yi, wannan ya sha ya miƙa wa wancan, har ƙwarya ta ƙare. Babana yana sha hawaye yana zuba, ni ma ina yi. Kaka ya lashe baki ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan. Gobe ka gyara. Kuma a zuba mana wuri ɗaya, ni ba Nasara ba ne."

Ya tashi daga wannan ciwo, ya ga sunan ɗana, ya ci sabon gero. Kullum akushi ɗaya da autansa, yana tura masa tsoka kamar bai gani ba. Salati dai har ya koma ga Allah bai sa a baka ba. Ludayin kuwa Babana ya bar wa, yanzu yana ɗakina, kuma ni ma ba na bari a taɓa.

Allah ya jiƙan Kaka Ɗan Azumi, ya jiƙan autansa, ya haɗa su a akushi ɗaya. Ya ciyar da su a gidan da ba sai ya yi tambayarsa ba, inda duk wanda ya ci ya rayu ke nan har abada. Amin.