Tukunyar da Malama ta kifar a Kurni

Jiya maƙwabtana a Matamaye suka ɗora ruwan wankan jego. Ƙamshin ganyen darbejiya ya tuna mini da Malamarmu ta jami'a, mai binciken halin da mata ke shiga bayan haihuwa. Takan ce mana, "Ku saurara kawai, kada ku sa hannu."

Wata rana a ƙauyen Kurni muka tarar da wata mai jego, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar. Goggonta na tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata a baya, har ihu ya daina fita.

"Iya, ki dakata!" in ji Malama.

"Ke ƴar boko, haka aka yi mini. Na mutu?"

Malama ta shuri tukunyar ta kife. Ruwan ya ɗaye wa Malama fatar ƙafa, goggon ta zabga mata ganyen a fuska. Muka ɗauki mai jegon muka fita da ita.

A hanyar asibiti na tambayi Malama ko ba mu karya dokarta ba.

"Tallabi kanta," ta ce.

Mai jegon ta rayu. Allah ya sa zafin da Malama ta ɗanɗana ran nan shi ne na ƙarshe.