Hanyar Gidan Inna Ba Dije

Bebeji

Ana idar da sallar asuba ranar Laraba na tayar da mota. Shekara da shekaru ina kai matata Dije ganin gida, can rugarsu bayan Doguwa, amma wallahi ban san hanyar ba. Ni dai tuƙi ne nawa. Ita ce mai cewa, "Malam, karya dama," ko "Malam, tsaya in gaisa." Ranar Litinin muka kai ta makwancinta, kuma mahaifiyarta, Inna, ba ta sani ba. Alhamis kasuwar yankinsu take ci. In ban isa ba kafin nan, a bakin 'yan kasuwa tsohuwa za ta ji.

Ana gobe zan tashi na je Tiga wurin abokina Isuhu, ma'aikacin safiyo. An kawo musu wata na'ura kamar rediyon hannu, GPS suke ce mata, wai tauraron ɗan'adam ne yake gaya mata inda mutum yake.

Na ce, "Nawa ne hayarta?"

Ya ce, "Kai da albashin malamin firamare? Batirinta kaɗai ya ishe ka. To ma in na ba ka, ina lambobin wurin?"

"Waɗanne lambobi kuma? Ruga ce, akwai wata tsamiya."

Ya fara dariya, sai ya tuna rashin da na yi, ya haɗiye abarsa. Ya zaro tsohuwar taswira ya miƙo mini. "Wannan ce daidai aljihunka. Kyauta."

Kwanar Dangora

Hantsi bai gama ɗagawa ba na iso. Sojan da ke kan shinge ya leƙa, ya ga ni kaɗai, ya ɗaga mini hannu. Ban yi niyyar tsayawa ba, amma ƙafata da kanta ta taka birki a gindin ɗorawar da Dije take sayen fura.

Mai furar ta ce, "A'a, Malam, ina ƙawar tawa?"

Na ƙudurta ba wanda zai ji a hanyar nan kafin Inna. Na ce, "Ba ta samu zuwa ba."

Ta ƙulla curi biyu a leda. "Ka kai mata, ka ce na yi fushi." Na karɓa na ajiye a kujerar gaba.

Tudun Wada zuwa Falgore

Gidajen mai duk a rufe, sai galan biyu na saya wurin 'yan bumburutu, da tsada kamar me. Daga nan na shiga dajin Falgore. A nan Dije take ɓare gyaɗa tana zuba mini a tafin hannu don kada in yi gyangyaɗi. Sau biyu na miƙa hannu ban sani ba. Na kunna rediyo, na kashe. Kai, ban taɓa sanin dajin nan yana da tsawo haka ba, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Doguwa

Da azahar na sauka daga kwalta. Na buɗe taswira, sai ga wurin fari fat, ko layi babu. Hanyoyi uku a gabana. Ta farko ta kai ni bakin rafi ta ƙare. Ta biyu ta zaga da ni cikin gonakin masara ta dawo da ni inda na taso. La'asar ta yi, allurar mai tana ta sauka.

Sai na hango rumfar wani tsoho mai facin keke, inda Dije take tsayawa. Na sauka na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, rugar su Dije nake nema."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ba kai ne mijin ba? Ina ita da za ka tsaya tambaya?"

A nan dabara ta ƙare mini. Na faɗa masa. Ya ajiye tayar da ke hannunsa ya yi salati.

Can ya ce, "Bi burtalin shanun nan, ka bar dutse a hagunka har ka ga tsamiya. Yi sauri. Bakina a rufe yake sai ka isa."

Ruga

Rana ta kusa faɗuwa na tsaya a gindin tsamiyar. Ni da Inna ba mu taɓa haɗa ido ba, saboda surukuta. Daga bayan zana muke gaisawa. Ranar kuwa sai ga ta ta fito da sandarta har bakin mota. Ta leƙa kujerar gaba: taswira da ƙullin fura.

"Wa ya nuna maka hanya?"

"Tambaya na yi, Inna."

Ta ɗora hannu a kan kujerar ta daɗe. Sannan ta ce, "Dije." 'Yar farinta ce, ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Duk maganar da na tsara tun daga Bebeji ban faɗi ko ɗaya ba, sai kuka.

Komawa

Na kwana a rugar, na kamo hanya da safe. A Kwanar Dangora na tsaya na gaya wa mai fura gaskiya, ta dafe kai ta zauna a ƙasa. Ana kiran magariba na iso Bebeji. Na gode wa Allah da Ya kai ni kafin kasuwa ta ci, na gode wa Isuhu da Baba mai faci, Allah Ya saka musu da alheri. A ƙofar gida na tsaya, inji yana aiki, ina jiran a sauka a buɗe mini ƙyaure. Na jima a haka kafin na sauka na buɗe da kaina.