Gwangwanin Ragowar Kafso

A ƙauyenmu, can gefen Shanono, ni ake ce wa likitar gida, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Ina da wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, cike da ragowar kafso. Yaro ya fara tari, in ɓare guda in juye masa a kunu, kwana biyu ya miƙe, sai in adana sauran. Har kaji na sha zuba wa a ruwa. Maƙwabta su aiko, in ba su biyu ko uku.

Lokacin cirar gyaɗa autata ta kwanta, tana da shekara uku. Ga zazzaɓi, ga tari, numfashi sama-sama. Na ba ta kafso kamar kullum. Kwana uku, shiru. Da na ɗaga rigarta sai na ga haƙarƙarinta na lotsawa duk in ta ja numfashi. Babanta ya baro gona ya kwashe mu a babur.

A asibiti likita ya auna ƙirjinta, ya ce nimoniya ce, ciwon huhu. Na nuna masa kafson.

"Sau nawa ta sha wannan a bana?"

"Ai ban riƙe ba."

"Tana shanyewa?"

Raina ya ɓaci. "Haba likita! Yaro ya warke kuma sai a yi ta ɗura masa?"

"Baiwar Allah, ba warkewa take yi ba," in ji shi. "Raunanan ƙwayoyin cutar kike kashewa, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Yanzu ba sa jin wannan. Za mu gwada allura."

Gwadawa fa ya ce! Kwana biyu ina zaune ina kallon ƙirjinta, na kasa haɗa ido da babanta. A na uku ta buɗe ido ta ce, "Inna, kunu."

Ranar da aka sallame mu, ko mayafi ban cire ba na durƙusa na jawo gwangwanin, zan juye shi a masai. Na buɗe, wayam. Uwar mijina ta leƙo ta ce, "Af, jaririn maƙwabciyarki ne ke ta tari tun shekaranjiya, na juye mata. Ta ce ta san yadda kike yi."

Na fita da gudu, ko takalmi babu.